Tafiyar da Inna Ta Ƙi Yarda Hutu Ce

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Dutse, 'yarmu da ke aikin jinya a Ingila ta bugo waya ta ce ta kama mana ɗaki a jirgin ruwa. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, Malam kuma yana kan tabarma da rediyonsa. Na tambaye ta ina jirgin zai kai mu. Ta ce ba inda zai kai mu, zagayawa zai yi da mu a Bahar Rum, ya tsaya a wannan gari da safe, ya tashi da yamma, bayan mako guda da ɗoriya ya sauke mu inda ya ɗauke mu.

"To me za mu je yi?" na ce.

"Hutu, Umma. Ku ci, ku kwanta, ku kalli ruwa."

Na dubi Malam, wanda tun da ya bar ofis ba abin da yake yi sai ci da kwanciya da jin labarai, na ce ai kallon ruwan ne kaɗai ya rage masa. Ya yi dariya har da tari. Amma na ga idonsa. Ban da aikin Hajji, bai taɓa fita ƙasar nan ba, kuma tun muna amare yake ce min yana son ya ga teku da idonsa. Ya so tafiyar nan, ni ma kuma na so ta, ba zan ɓoye ba.

Na zaci shirin hutu shi ma hutu ne, ashe wani aikin ne. Fasfo ɗinmu sun daɗe da ƙarewa, sai da aka sabunta. Biza sai da muka je Abuja, muka sake komawa. Aka ce sai mun yi allurar rigakafin shawara an ba mu katinta, aka ce sai inshorar lafiya, Malam kuma da ciwon suga sai likita ya duba shi ya rubuta masa maganin da zai ishe shi har mu dawo, da wani na jiri saboda kaɗawar ruwa. Kusan duk mako muna asibiti. Yarinyar ta turo mana bidiyon jirgin, ya fi duk wani bene da ke Dutse tsawo, ɗakin da za mu kwana kuwa bai kai sitona girma ba, tagarsa ma ba ta buɗewa. Malam damuwarsa alƙibla, idan jirgi ya juya yana tsakiyar salla. Ni damuwata buta da abin da za a zuba min a faranti. Ta ce in tafi da butata, kifi da ganye kuma ba sa ƙarewa a can. Ta kuma ja wa ubanta kunne a kan abu guda, cewa idan jirgin ya tsaya a gari aka fita yawo, in lokaci ya yi ba ya jiran kowa. Ta maimaita masa, don ta san shi da tsayawa gaisuwa.

Duk wannan kai da kawowa ba mu faɗa wa kowa ba. A wajenmu ba a shelar tafiya, sai kaya sun ɗauru ake faɗa, saboda baki. Ga kuma nauyi. Ta yaya zan dubi maƙwabtana a unguwarmu ta Takur in ce za mu ƙetare duniya don kallon ruwa? Na ce a bari sai ana gobe.

Sai dai Malam ya rame a shekarar. Likita ya hana shi shinkafa da shayi mai zaƙi, ni kuma na tsaya a kansa da tuwon alkama da ganye, har babbar rigarsa ta koma tana lilo a jikinsa. Lafiyarsa ƙalau, ya ma fi da ƙarfi, amma wanda ya gan shi a hanya ba zai san haka ba. Kan wannan kuma ya ƙara da nasa. Da tafiya ta matso, ya shiga bin mutane yana neman yafiya, yadda mahaifinsa ya koya masa cewa ba a doguwar tafiya da haƙƙin kowa a wuya. Ya bi abokan aikinsa na da, ya bi 'yan sahun gaba a masallaci, har maƙwabcinmu da suka yi shekaru ba sa ga maciji a kan kwata sai da ya je ya riƙe hannunsa. Abin da yake cewa kawai, "Zan yi 'yar tafiya, a yafe ni." Inda za shi kuwa bai faɗa ba, don na ce kar a faɗa.

Mutanenmu sun san dalilan da ke fitar da mutum ƙasar waje: Makka, karatu, fatauci, sai magani. Ga dattijo ya rame, ga shi kullum a asibiti, ga zuwa Abuja, ga 'ya ma'aikaciyar jinya a Turai, ga shi yana yawon neman gafara. Mata suka fara ce min, "Ya mai jiki?" da murya ƙasa ƙasa. Na riƙa cewa da sauƙi, ina zaton sugan suke nufi. Wata ma ta aiko da kunun kanwa, na shanye abina ina yaba kirkinta.

Ban farga ba sai da ƙanwar Malam ta bugo daga Kiyawa tana kuka. Ta ce me ya sa za mu yi musu haka. Ta ce labari ya kai wa Inna cewa za a fitar da Yaya waje a yi masa aiki, kuma tun ranar ko furar da ba ta wuce ta ba ta taɓa ba.

Inna ita ce mahaifiyar Malam. Bafulatana ce, tana zaune a wani ɗan ƙauye gaba da Kiyawa da 'yan shanunta, kuma Malam ne ɗanta na fari. Saboda alkunyar ɗan fari ba ta faɗin sunansa, ba ta duban fuskarsa, idan ya durƙusa gaishe ta ƙwaryar da ke gabanta take amsa wa. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin hannunta a jikinsa ba. In tana da magana da shi, ni take faɗa wa ko da yana zaune a wurin.

Akwai kuma abin da ya sa jikina ya yi sanyi da na ajiye wayar. Shekarun baya, da mahaifinsu ya kamu da ciwon da ya zama ajalinsa, dangi suka haɗu suka ɓoye mata, yadda ake yi wa tsofaffi don tausayi. Aka ce mata za a kai shi Kano a gwada masa tabarau. Ya fita da ƙafarsa, har yana ce mata ta ajiye masa nono. A can ya rasu, a can aka binne shi a ranar, ko gawarsa ba ta gani ba. Ba ta taɓa yi wa kowa gori ba. Amma tun daga lokacin, idan 'ya'yanta suka ce mata ba komai, sai ta tsaya tana kallon bakinsu.

Washegari da hantsi, ana yayyafi, adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gidanmu. Inna ce, da ƙullin kayanta da ƙwarya a naɗe cikin zane, matar da ba ta zuwa Takur sai suna. Ta zauna a baranda, ta ƙi kujera. Malam ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana duban ruwan da ke zuba daga indararo. Sannan ta juyo gare ni.

"Ke 'yar nan, me ke damun maigidanki?"

"Inna, wallahi ba abin da ke damunsa. Hutu za mu je. Jikarki ce ta biya mana jirgin ruwa."

"Hutu," ta ce. "Noma ya yi da zai huta?"

Na kawo waya na nuna mata bidiyon. Ta riƙe ta nesa da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Aka nuno dogayen lunguna da ƙofofi a jere, ta ce haka asibitin Kano yake. Aka nuno ma'aikatan jirgin sun yi layi suna murmushi cikin fararen kaya, ta ce ga likitocin nan. Aka nuno wani tsohon Bature ana tura shi a keke a bakin ruwa, sai ta miƙo min wayar. Na ce bari ta ji daga bakin jikarta. Na kira yarinyar ta bidiyo, sai ga ta a wurin aiki da kayan jinya, da abin awon zuciya rataye a wuya. Ta yi bayani, ta yi dariya, ta yi rantsuwa. Inna ta sa mata albarka, da aka kashe ta ce, "Ita ma an koya mata abin da za ta ce."

Ban taɓa jin gaskiya ta yi min rauni a baki kamar ranar ba. Duk hujjar da na ɗauko sai ta juya ta zama shaida a kaina. Kuma na san in da ni ce a wurinta, ni ma ba zan yarda ba, don wa ya taɓa jin an kwashi dattijo mai furfura an kai shi tsakiyar teku don ya ci abinci ya kwanta?

Ta zauna a gidanmu. In na kai mata tuwo, sai ta ce ta ƙoshi. Nono kaɗan take kurɓa, shi ma don ta iya tsayuwar salla. A idona ta fara zubewa, tana tashi sai ta dafa bango. Ba ta kuka, ba ta faɗa, tana dai zaune a baranda da carbi, duk inda Malam ya gifta tana bin ƙafafunsa da kallo. Kwanakin tafiya kuwa suna ta matsowa.

Malam ya same ni a kicin ya ce a fasa.

"In muka fasa," na ce, "cewa za ta yi likitocin sun ce ba amfani. Ka ga ta ci abinci a kan wannan?"

"To in mun tafi ta faɗi a bayanmu fa?"

"Da ka yi wannan tunanin kafin ka bi gari kana sallama da mutane kamar wanda aka yi wa wahayi."

"Ke kika ce kar a faɗi inda za mu."

"Na ce kar a faɗa, ban ce ka je ka rungumi mai kwata ba."

Ya fita. Na tsaya kan tukunya ina jin haushinsa, ina jin haushin yarinyar da ta ƙirƙiro mana wannan hutu, ina jin tsoro fiye da duka. Tsohuwar nan in ta mutu da yunwa a barandata, ba ruwan da zan kalla ya yi min daɗi har abada.

Ana saura 'yan kwanaki, da safe bayan an ɗauke ruwa, Inna ta ce min, "Ce masa ya fito." Ya fito da 'yar shara da hula. Ta ce in ce masa ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ya taka, ya dawo. Ta ce ya ƙara, da sauri. Tana zaune ta karkata kai tana duban yadda yake ajiye ƙafa, sai na gane abin da take yi, don na sha ganinta tana yi wa saniyar da za a saya a kara. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ta je gabansa. Ta sa babban yatsa ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba. Ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi. Ta tsunkuli fatar bayan hannunsa ta saki, ta ga yadda ta koma. Ta danna ƙasan haƙarƙarinsa hagu da dama tana kallon ko zai motsa. Malam yana tsaye ƙiƙam, idonsa a ƙasa. Rabon da ta taɓa shi tun yana yaro.

Ta koma ta zauna, ta goge hannu a zane.

"Jininsa da kyau," ta ce min. "Ramar yunwa ce. Ke ce ba kya ba shi abinci."

Ban taɓa karɓar laifi da farin ciki irin na ranar ba. Na ce haka ne, Inna, a yafe ni. Da rana ta ci tuwo da miyar kuka, har ta ce gishiri ya yi kaɗan. Na shiga ɗaki na yi sujada. Washegari ta sa aka sayo nama, ta zauna ta yi masa dambu da hannunta, ta cika kwalba da man shanun da ta zo da shi, ta ce ita za ta shirya masa su a akwati don ni ban iya ɗaurin guzuri ba. Na bar mata ɗakin, ina murna ta sami abin yi.

Ranar tafiya da sassafe, motar da za ta kai mu filin jirgin sama a Kano tana ƙofa, yarinyar ta bugo ta ce in faɗa mata abin da ke cikin kayanmu. Na ce dutsen guga, ta ce in cire, ba a shiga jirgin da shi. Na ce hita ta dafa ruwa, ta ce ita ma. Na ce dambun nama da man shanu, ta ce, "Umma, tun a filin jirgi za su ƙwace, ku bar shi a gida." Na buɗe akwatin Malam ina mita, na fito da dambun, na fito da kwalbar. A ƙarƙashinsu, can ƙasan rigunansa, na taɓo wata leda da ba ni na sa ta ba. Na buɗe. Farin yadi ne a ninke, da 'yar kwalbar turare a tsakiyarsa.

Na sha zuwa wankan gawa, ba sai an faɗa min ba. Kuma na san wannan yadin musamman. Likkafanin Inna ne, wanda ta sayo a Makka ta jiƙa shi da zamzam, take ajiye da shi a ƙasan akwatinta, duk dangi sun san da shi. Na zauna a bakin gado. Ashe tuwon da ta ci don mu ta ci.

Na kira Malam. Ya duba, ya ɗauka da hannu biyu, ya fita baranda, na bi shi. Direba yana ta danna ham a waje. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, da hannunki kika duba ni."

Na jira ta juyo gare ni kamar kullum. Ba ta juyo ba. Ta dube shi a fuska.

"Na duba. Ubanka ma da ƙafarsa ya fita."

"In kawo Alƙur'ani in dafa?"

"Kar ka dafa komai. Mutanen can ba su san yadda ake suturta Musulmi ba, ba zan bari a naɗe ka a abin da ban sani ba. In gaskiya kuka faɗa min, ƙyalle ba shi da nauyi, ba zai hana ka hutunka ba." Ta tura ledar gabansa. "Nawa ne, ka sani. Aro na ba ka. Ka dawo min da shi da hannunka, kar ka aiko kowa."

Ni na karɓa, na mayar da shi inda na same shi, na ja zif. Ta ce tana nan a barandar har mu dawo, ƙanwarsa za ta zo ta zauna da ita, kuma za ta ci abinci, don ba ta son a dawo da kaya a tarar ba mai shi.

Jirgin yadda aka faɗa haka yake. Ranar farko aka tara mu aka koya mana sa rigar ceto, aka nuna mana inda za mu taru in wani abu ya faru. Abinci tuli, ɗaki ɗan mitsitsi, jiri ya kama ni kwana ɗaya ya sake ni, waya kuma ta riƙa nuna wa Malam alƙibla. Da na zo jera kaya, na rasa inda zan sa likkafanin, na fito da shi na sake ninke shi, na ɗora a saman kabad kusa da rigunan ceton. Can ya zauna, kullum ina ganin gefensa in na kwanta. Malam da aka yi wa gargaɗin makara bai makara ko sau ɗaya ba. Duk garin da aka tsaya, ba ya yarda mu yi nisan da zai daina hango jirgin, kuma shi ne na farko a layin komawa. Teku ya gan shi, ya tsaya a bakin ƙarfe ya yi ta tasbihi. Ni kuwa na ji daɗi da rabin zuciya, don in ya yi tari sai gabana ya faɗi, duk da na fi kowa sanin lafiyarsa ƙalau.

Da muka dawo Takur, bai shiga ɗaki ba. A tsakar gida ya buɗe akwatin, ya ɗauko ledar, ya durƙusa ya ɗora mata a cinya. Ta dafa ta da tafin hannu. Ba ta dube shi ba, alkunyar ta koma wurinta. Ta ce min, "Ke 'yar nan, ce masa sannu da zuwa." Sannan ta tambaya ko da gaske ruwan ba a hango ƙarshensa, na ce da gaske ne, ta ce Allah mai iko, ta sa aka kira mata adaidaita sahu, wai shanunta sun yi kewarta.

Bara da kaka Inna ta rasu a ɗakinta, bayan gajeruwar jinya da ba wanda ya ɓoye wa kowa. Malam yana waje tare da maza, ina cikin matan da suka yi mata wanka. Ƙanwarsa ta jawo akwatin ta miƙo min ledar. Na buɗe, na tarar da shi da ninkin da na yi masa a jirgi, ni kuma na warware shi.